Burodin Auren Shifra

Kwance yake a can ƙasan firiza, miƙe samɓal, an naɗe shi da farin ƙyallen tebur daga wannan kai har wancan. Da yayata Perel ta ɗaga ledar kifin da ke kansa ta gan shi, sai ta ja da baya ta dafe ƙirji. Ban ga laifinta ba. Ba a yi mako biyu da naɗe mahaifiyarmu cikin farin ƙyalle ba, kuma a ƙarshen rayuwarta Mame ba ta fi abin nan girma da wani yawa ba.

"Zelig! Sauko ka gani."

Ina kan kujera ina goge saman kabad, aikin da yayata ta auna basirata ta ga ya dace da ni. Na san abin da zan gani, don haka ban yi gaggawar saukowa ba.

Ta ɗora shi a kan tebur ta warware. Burodin biki ne, kitsattse da igiya shida, tsawon hannun ƙato daga kafaɗa zuwa yatsu, an barbaɗe shi da riɗi. Ƙanƙara ta yi masa furfura. Kitson ya fara daidai, ya karkace a tsakiya, sannan ya dawo hanya da ƙyar.

'Yata Shifra ta fito daga ɗakin kwana rungume da ɗankwalayen kakarta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba sai an gaya mata na wane ne ba. 'Ya'ya shida Mame ta aurar, da jikoki kusan talatin, kuma babu wanda aka yi bikinsa ba tare da irin wannan burodi daga hannunta ba. Ko a wace ƙasa ake bikin, haka za ta shiga jirgi da shi a kan cinya, ta bar akwatin kayanta ya bi ta baya in ya ga dama. Shifra ce autar jikoki, ita kaɗai ta rage, an kuma sa bikinta watan Yuni.

"Bobe," ta ce a hankali, kamar kakar tata na tsaye a bayan firiza. Ɗankwalayen suka zube ƙasa.

Perel ba burodin take kallo ba, ni take kallo. Shekararta saba'in, tawa hamsin da biyar, amma in ta yi min wannan kallon sai in ji kamar na yi fitsarin kwance.

"Wa ya mayar da wayar oban?"

"Au, oban yana da waya?"

"Zelig."

"Ni ne."

A tsakiyar sanyi abin ya faru. Mame ta kira ni a shago. Tabarau nake sayarwa kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Antwerp. Mahaifinmu ya yi shekara arba'in yana goge lu'ulu'u, ni na ƙare a goge gilashi, Mame kuwa takan ce in kwantar da hankalina, ai duk sheƙi ne. Tun da ta faɗi a kicin bara, Perel ta sa aka cire wayar lantarkin oban ɗin gashi, ta kwashe fulawa, ta kafa doka cewa mace mai shekara casa'in da biyu ta gama bautar tukunya.

"Ka zo min da fulawa da yisti da ƙwai," in ji Mame a waya. "Da sukundireba. In kuwa ka faɗa wa yayarka, ni ma zan faɗa wa matarka inda kake ɓoye sigari."

Na je. Duk wanda ya ce da shi ne ba zai je ba, bai taɓa jin muryar Mame a waya ba.

A zaune ta yi aikin, wuni guda. Nawa aikin in ɗaga kwano, in sauke kwano, in yi shiru. Na ce a aro na'urar kwaɓi, ta ce na'ura ba ta san sunan amarya ba. Yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe, in ta danna ƙullun sai ta huta, ta ja numfashi, ta sake dannawa. Da ta mulmula igiyoyin shida ta jera, sai ta yi abin da take yi a kan kowane burodin biki: ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna. Ubanta, uwarta, yayyenta maza uku, da ƙanwarta Dvoire da ba ta kai shiga makaranta ba. Jirgin ƙasa ɗaya ya kwashe su zuwa gabas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, babu wanda ya dawo, babu kabarin da za a ziyarta. Su ne baƙin da take fara gayyata. A nata auren babu ko mutum ɗaya mai jininta, burodin ma ɗan ƙarami aka sayo a kanti, kwanan jiya. Har ta mutu ba ta yafe wa burodin nan ba.

"Mame, bikin fa sai Yuni," na ce mata.

"Na san da Yuni. Yuni ce ba ta san da ni ba. Matso min da tiren can."

Da ya gasu ya huce, na sa shi a firiza, na cire wayar oban, na share fulawar da ta zube, na koma gida ina jin kaina wani gwarzo.

Duk na zayyana wa Perel wannan, ban da zancen sigari.

"To, sarkin dabara," ta ce. "Daga sanyi zuwa Yuni, babu wani abu a tsakani?"

Akwai. Washegari da yamma Idin Ƙetarewa zai shiga, shi ya sa ma muke wannan sharar. Kafin hantsi duk wani abu mai yisti sai ya bar hannun Bayahude, a cinye shi ko a ƙone shi, har ɓarɓashin da ke aljihun riga. Abin da ya ƙetare Idi a hannunka kuwa ya haramta gare ka har abada. Sauran 'yan'uwanmu huɗu suna tashi daga zaman makoki suka kama jiragensu zuwa London da New York da Urushalima, suka bar mana gidan da duk abin da ke cikinsa, ni da Perel.

"Ni dai ban tuna ba," na ce.

"Kai ai ranar haihuwar matarka ma sai an buga maka waya. Ba kai nake tambaya ba. Ita fa?"

Na juya na kalli burodin.

"Mame ba ta manta Idi." Ta kama goge teburin da ta riga ta goge. "Matar da tun ƙanƙara ba ta narke ba take zazzage aljihunan mutane? Kullum ina gidan nan, Zelig, safe da yamma. Da kanta ya fara kwancewa, da na gani. Da na gani."

Shifra ta ɗora tafin hannunta a kan burodin, duk da sanyinsa ba ta janye ba.

"A sayar mana, Tante," ta ce wa gwaggonta, sannan ta juyo wajena. "Tate, ba kai kake sayar da giyarka duk shekara ba?"

Haka ne. Akwai hanya, halastacciya kuma. Rabbi, malamin majami'armu, yakan tattara na kowa ya sayar wa wani wanda ba Bayahude ba, a rufe kabad, bayan Idi a saye a dawo da shi. Kwalabena sun yi wannan tafiya sau da yawa ba tare da sun motsa daga inda suke ba. Rabin unguwarmu haka suke yi. Amma ban da gidan Hinde Grunwald, wato Mame.

"Rabbi zai yarda," in ji Shifra.

"Zai yarda mana, ai ban ce haramun ne ba. Amma a gidan nan ko biskit ba a taɓa sayarwa ba. Kin san dalili."

Ta sani, duk mun sani. Mame tana 'yar shekara tara iyayenta suka miƙa ta ga wasu manoma can kudu cikin duwatsu, aka canza mata suna, aka rataya mata gicciye. Mutanen kirki ne, kowace safiya sai sun ba ta burodi da man shanu. Babu wanda zai ce mata yau Idi. Sai bayan yaƙi ta gane Idi biyu ta yi tana cin burodi tana lashe yatsu, a lokacin da nata suke inda suke. "Na ci rabona na burodin Idi," takan ce, "har da na 'ya'yana da jikokina." Masu sayarwa kuwa ba ta taɓa zaginsu ba. Cewa kawai take yi ita ta yi tsufa da wasan ɓuya da Ubangiji.

"Sai a kai shi gidana," na ce. "Firizata ta saba da zunubi."

"Rufe min baki, Zelig."

"Tante, shi ne fa na ƙarshe." Shifra ta matso kusa da ita. "Kowa ya samu nasa. Har ɗan'uwana Mendi da aurensa bai yi shekara ba ya samu. Ni kaɗai zan zauna da burodin kanti?"

Perel ta runtse ido. Wannan ta same ta.

"Kina tsammani daɗi nake ji? Ni aka fara yi wa irinsa. Amma ba zan jira ta rufe ido in karya mata doka a kicin ɗinta ba. Ba zan iya ba."

Firizar da aka bari a buɗe tana ta ƙugi. Shifra ta tsinci ƙwayar riɗi ɗaya da ta faɗo a kan ƙyallen, tana juya ta a yatsa.

"In an sayar, aka dawo da shi, aka ɗora a teburina ranar biki," ta ce, "da tana raye, za ta ci?"

Na so in yi ƙarya. Na iya ƙarya daidai gwargwado, kullum ina gaya wa mutane tabarau ya rage musu shekaru. Amma na tuna Mame a gidajen mutane bayan Idi, an miƙo mata kek, tana murmushi tana tambayar yaushe aka sayi fulawar.

"Za ta yaba shi," na ce. "Sannan ta ce ta ƙoshi."

Shifra ta gyaɗa kai. Ta naɗe burodin da kanta, ta rungume shi ta mayar firiza. Ba mu yanke komai ba, muka koma kan shara. Ni aka tura ɗakin kwana in zazzage aljihunan tebur. A na ƙasa na iske tabarau fal, sun cika shi har yana ƙin rufuwa, kowanne cikin gidansa mai sunan shagona, yawancinsu ba a ko cire musu takardar farashi ba. Na maza, na mata, har da na yara. Shekarun da na fara kasuwa, lokacin da nake wuni ina kallon ƙofa, tsofaffin majami'armu sun yi ta shigowa suna saye ba tare da sun nemi ragi ba. Ni kuma na je na gaya mata a kan teburin Asabar, ranar hutunmu, cewa ashe ina da baiwar ciniki. Ta ce ai ta daɗe da sani, ta ƙara min miya. Na zauna a bakin gadonta da aljihun a cinyata har sai da Perel ta ƙwala min kira ta ce ko barci nake.

Da safe unguwa ta cika da hayaƙi. An kafa duro a kusurwar titi, maza da yara sun kewaye shi suna jefa guntayen burodi da kwalayen biskit, motar 'yan kwana-kwana na tsaye a gefe, direbanta na hamma. Na iske Perel a ƙofar ginin su Mame tana haki, hularta ta karkace. Ban taɓa ganin wani abu na Perel a karkace ba.

"Daga wajen Rabbi nake," ta ce. "Na sa shi cikin na sayarwa."

Na cire tabarau na goge, na mayar, ko zan ga wata mata ce daban.

"Daina kallona haka. Ban runtsa ba sai da na gano. Ba mantuwa ta yi ba, Zelig. Ta sani sarai akwai Idi. Ta auna dokarta, ta auna Shifra, ta zaɓi yarinyar. Shi ya sa kai ta kira ba ni ba, ta san ba ka da wuyar lanƙwasawa."

"Na gode."

"Da hankalinta ta yi. Har ranar ƙarshe da hankalinta."

Fuskarta ta washe irin yadda ban gani ba tun ranar jana'iza. Na ce haka ne, lalle haka ne.

A hawa na biyu ƙamshin ya tare mu. Perel ta tsaya cak, ta kama ƙarfen bene da hannu biyu. Ƙamshin ranar Juma'a ne, na dawowa daga makaranta da jiƙaƙƙen takalmi a ce maka wanke hannu, kada ka taɓa, na dare ne. Na san inda Mame take, a maƙabartarmu ta ƙetaren iyaka, da hannuna na zuba mata ƙasa da shebur. Duk da haka ƙafata sai da ta ƙara sauri.

Shifra ta shimfiɗa farin ƙyallen a teburin falo, ta jera faranti uku da gishiri da wuƙar Asabar. Burodin na tsakiya, ya yi ja, yana tururi. Ta ƙofar kicin na hango sukundireba a ƙasa kusa da oban. Ashe abin gado ne.

"Me kika yi, 'yar nan?" in ji Perel.

"Tun jiya na dawo na fitar da shi. Ba na son burodin da Bobe za ta ce ta ƙoshi a bikina. Yau kuwa za ta iya ci. Akwai sauran lokaci, ko, Tate?"

"Akwai ɗan kaɗan."

"Na kira Naftali na gaya masa." Naftali shi ne angon, yana Manchester. "Wai in ajiye masa yanki ɗaya zuwa Yuni. Irinka ne sak, Tate."

"Allah ya ba ki haƙurin zama da shi."

Perel ta zauna ba tare da ta cire kwat ba. "Na je wajen Rabbi," ta ce. "Na ce a sayar. Saboda ke."

Shifra ta dube ta, ta dubi burodin. Wanda ya narke aka sake ɗumama shi ba ya komawa firiza ya jira Yuni. Ta durƙusa ta kifa kai a cinyar gwaggonta, Perel ta rungume ta, suka yi ta yi, ni kuma na tsaya ina kallon agogon bango kamar wanda aka ɗauka gadinsa. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na ce in muka ƙara jinkiri burodin zai zama mallakar wani mutum da ba mu sani ba, mu kuma mu zama ɓarayi. Perel ta ce ni ban san lokacin da ake shiru ba. Amma ta tashi.

Muka wanke hannu. Daga wanke hannu zuwa lomar farko ba a magana, don haka muka zauna jugum mu uku a teburin da ya saba ɗaukar mutum ashirin. A kowane biki babban namiji ake ba wuƙa ya sa albarka ya yanka. Ban taɓa samun wannan girma ba, kullum akwai wani yaya ko wani kawu da gemunsa ya fi nawa. Yau da babu kowa, ni ne babba. Na yi addu'ar, suka ce amin. Na yanka, na dangwala kowane yanki a gishiri kamar yadda aka saba, na ɗanɗana nawa, na miƙa wa amarya, na miƙa wa Perel.

Lomar farko Mame ce, da ɗumi da laushi da ɗan zaƙi. Na rufe ido.

A ta biyu, inda gishirin dangwale bai kai ba, na daina tauna. Lami. Babu gishiri a cikin ƙullun, ko ƙwaya ɗaya. Shekara saba'in tana yin burodin nan. Ta yi shi da jariri a kafaɗa, ta yi shi da zazzaɓi, ta yi shi mahaifinmu na kwance a asibiti, ba a taɓa jin ya yi lami ba.

Shifra ta haɗiye nata. "Ya yi daɗi," ta ce wa farantinta. "Bari in ɗora shayi." Ta shige kicin, ta buɗe famfo da ƙarfi.

Perel na tauna a hankali, idonta a kan burodin. Ina kallo hasken da ta hawo bene da shi ya janye daga fuskarta.

"Ni ne," na ce. "Ta ce in zuba gishiri, waya ta yi ƙara, na sha'afa. Kin san ni."

"Na san ka." Ba ta ɗago ba. "Na kuma san ta. Ni da nake 'yarta ta fari, na tsufa a gefenta, ko cokali ɗaya ba ta taɓa bari na zuba mata a ƙullu ba. Sai kai?"

"Ai ta tsufa, ta sassauta."

"Zelig. Bari."

Na bari.

"Ina ƙirga mata ƙwayoyi," ta ce. "Ina duba mata ƙafa, ina yanke mata farce. Kowace safiya in tambaye ta yaya ta kwana, ta ce lafiya lau, wai in tafi in kula da mijina. Ni kuma in tafi."

Daga titi aka ji wani yana kira da ƙarfi, duk mai sauran abin ƙonawa ya yi sauri ya kawo. Fiye da rabin burodin yana nan a kan ƙyallen. Perel ta jawo wuƙa ta yanki wani ƙaton yanki. Likita ya daɗe da hana ta farin burodi saboda ciwon suga, amma na ga ba yau ce ranar tuna mata ba. Na tura mata gishiri.

Ta mayar min da shi da bayan hannu.

"Bar shi," ta ce. "Yadda ta yi shi zan ci."